Kin Ci Tuwon Gayyata

Doguwa,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga aminiyata Muhsina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara, musamman takwarata uwar surutu. Yaya mutanen Bebeji, yaya kuma ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai ruwa da ya ƙi ɗaukewa, masara ta nuna ana ta zullumin shanya. Direban da zai ba ki takardar nan zai haɗa miki da ƙullin dankali. Kada ki yarda ya ce ya manta shi a tashar Tudun Wada, na san halinsa. Da a waya zan kira ki, to kin san sabis ɗin garin nan, sai mutum ya hau tudun bayan makarantarmu kafin murya ta fita, maganar kuwa ta fi ƙarfin tsayuwa a kan tudu.

Muhsina, an taɓo ni. Maƙalolin nan da na rubuta a kundin sani na Hausa da ke intanet, masu bayanin salon maganar yau da kullum ta Turawan Ingila, wani mai suna Ghali ya kai su shafin muhawara yana neman a goge su. Wai ƙamus ne wurinsu. Ya ce kundin sani na abubuwa ne, irin su gari da kogi da cuta, ƙamus kuma na kalmomi ne, don haka duk abin da za a iya faɗin ma'anarsa a layi ɗaya a tattara shi a kai can. An ba da wa'adi kowa ya faɗi ra'ayinsa.

Kin sha jin labarin a bakin Baba, amma bari in maimaita miki, domin shi ne hujjata. Lokacin da yake tuƙa Turawan aikin ruwa a wajen Bagauda, ɗaya daga cikinsu ya riƙe hannunsa wata rana da suka tashi daga aiki, ya ce lallai ne wataran ya zo gida su ci abinci tare. Baba yana jin Turanci sarai, babu kalmar da ta ɓace masa. Ranar Juma'a bayan masallaci ya gyara babbar rigarsa, ya kama zabbi, ya nufi masaukinsu na bakin tafki. Bature ya fito da gajeren wando, fuska ta yi ja, ya rasa inda zai sa kansa. Ashe a wurinsu wannan magana sallama ce kawai. In da gaske suke, za su faɗi rana su faɗi lokaci. Baba ya bar masa zabbin ya dawo gida da yunwarsa.

To ki gaya mini, wane ƙamus ne zai ceci Baba a ranar nan? Ma'anar kalmomi ya sani. Halin mutanen ne bai sani ba. Abin da na zauna na rubuta ke nan: wa yake faɗin maganar, wa ake faɗa wa, a wane yanayi, daga ina ta samo asali, me ya sa suke sako shayi da ruwan sama cikin kowane zance, me ya sa suke cewa abu babu laifi alhali yabo suke yi. Ban kuma rubuta da ka ba, littattafan da na duba duk na jera su a ƙasa. 'Yan matan ajina kan taru a kan waya ɗaya su karanta, kuma tun daga nan suka daina zare ido idan irin waɗannan maganganu suka fito a jarrabawa. Baba ma, da idonsa ya yi rauni, ba na zuwa gida Kafin Maiyaki in fito bai sa na karanta masa shafin cin abincin nan ba. Shafina yake ce masa.

Ga shawarar da na yanke. An ce ra'ayin jama'a za a duba, to jama'a ai ina da su. Gayya zan kira, kamar yadda ake yi wa gonar da ciyawa ta fi ƙarfin mai ita. Ranar Asabar da hantsi a gidan Baba. Na aika wa tsofaffin ɗalibaina da ke Kiru, da matan yayyena, da 'ya'yan Gwaggo Asibi, duk wadda ta iya riƙe waya ta yi rubutu. Ni zan tuƙa tuwo in sa data, kowacce ta buɗe asusu ta rubuta a bar maƙalolin.

Ke kika ja ni cikin wannan aiki, ke kika buɗe mini asusu da hannunki, kin kuma fi ni sanin dokokinsu nesa ba kusa ba. In akwai abin da ban hango ba ki faɗa mini. Ki zo don Allah, ko ba ki ce komai ba ganinki zai ƙarfafa mini gwiwa. Na ji kina neman zama mai gudanarwa a kundin, Allah ya ba ki, kin cancanta.

Ki gaya wa Malam mukullin sitonku yana nan a jakata inda yake tun ranar aurenku, kada ya sake fasa kwaɗo don an ɓatar da nasa. Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Barakatu.

Doguwa,
Ranar Litinin.

Aminiyata Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fata kin koma gida lafiya, ɗan acaɓan nan bai girgiza miki ƙashi da yawa ba. Yaya gajiya? Yaya Malam da yara? Na iso Doguwa jiya da la'asar, ƙafafuna sun kumbura, amma zuciyata fes.

Ban san da wane baki zan gode miki ba. Da na hango ki a bakin zaure da kular zoɓo sai na ji kamar an sauke mini kaya. Kin ga yadda tsakar gidan ya cika? Tabarmi har bakin rijiya, kowacce ta sunkuya a kan waya, masu goyo suna jijjiga suna dannawa. Matar Yaya Zakari ta manta kalmar sirrinta tun kafin ta gama tashi daga wurin, sai da aka sake mata. Gwaggo Asibi da ba ta san bihim ba a boko ta kafe sai an rubuta nata ra'ayin, wai ita ma ta san Baturen zabbin. Tuwon masarar nan kuwa da miyar kuɓewa, na ga kin yi ƙari, kada ki musa.

Baba ya ji daɗin zuwanki ƙwarai. Bayan tafiyarki ya ce a cikin masu sauraron labarinsa babu mai dariya daga ciki irinki. Na kuma lura da yadda kika bi matan ɗaya bayan ɗaya kina tambayar sunansu da yadda muke da su. Na ce wa Gwaggo kin ga Muhsina, zumunci a jininta yake.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini. Da na ja ki bayan ɗakin girki na tambaye ki ko komai yana tafiya daidai, kin ce Allah ya sa a dace, kika kau da kai kina gyara mayafi. Naki ra'ayin ma ba ki rubuta a wurin ba, kin ce sai kin koma gida kin natsu. Na san ki da son tsara magana, don haka ban matsa ba. Amma wa'adin ya kusa, ki daure ki rubuta, domin kalma ɗaya taki ta fi tamu duka nauyi a wurinsu.

Kuma don kada ki ce taurin kaina ya motsa, na sake duba maƙalolin a mota. Akwai 'yan ƙanana a ciki da ba su wuce ma'ana da misali ba, waɗannan ko ni na yarda ƙamus ya fi dacewa da su. In Ghali zai tsaya a nan, mu yi sulhu. Manyan ne ba zan bari ba.

Cajarki tana wurina, kin bar ta a jikin bangon ɗakin Baba. Gaisuwa ga Inna.

Aminiyarki,
Barakatu.

Doguwa,
Ranar Alhamis.

Muhsina,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da iyalinki. In kin tambayi tawa, jikina dai lafiya.

Shekaranjiya lokacin tara na hau tudun bayan makaranta don in ga inda muhawara ta kwana. Na tarar an kulle asusuna. Na ɗauka kuskure ne, har na fara neman lambarki. Sai idona ya sauka a kan sunanki a ƙasan wani dogon rubutu, na yi murna na ce ga Muhsina ta zo. Na karanta a tsaye. Ban san lokacin da na zauna a kan dutse ba, har aka kaɗa ƙararrawar komawa aji ban ji ba.

Kin rubuta cewa ke shaida ce. Kin faɗi gari, kin faɗi gida, kin faɗi rana. Kin jera sunayen matan nan, wannan matar yayanta ce, wannan 'yar gwaggonta ce, wannan ɗalibarta ce, duk sun buɗe asusu a zama ɗaya da data ɗaya. Ashe tambayar da kike yi musu ke nan. Kin ce tara mutane don su rinjayi muhawara babban laifi ne a dokar kundin. Sannan kika ƙara da abin da babu wanda ya tambaye ki, cewa asalin maƙalolin hirar wani tsohon direba ce. Wani tsohon direba, Muhsina. Mutumin da kike durƙusawa har ƙasa ki gaishe shi, wanda ya tuƙa motar da ta kai ki ɗakinki.

Bari in raba miki abubuwa, don kada ki ce fushi ya rufe mini ido. Ban ji haushin kin ce wurinsu ƙamus ne ba. Da a gabana kika faɗa, da mun yi musu har muryoyinmu su dishe, mu wanke hannu mu ci tuwo, kamar yadda muka saba tun muna kwalejin horon malamai. Dokar ma yanzu na nemo ta na karanta, kuma na ga hikimarta. In kowa zai kwaso danginsa, mai yawan dangi ne zai riƙa yin gaskiya. Ban san da ita ba. Ni a inda na tashi, in aiki ya fi ƙarfinka mutane kake kira, kuma a bainar jama'a kake kiransu, da rana tsaka, ba a ɓoye ba.

Amma ke kin san da ita. Takardata ta same ki tun kafin Asabar, na rubuta miki ƙarara abin da zan yi, na roƙe ki in akwai abin da ban hango ba ki faɗa mini. Layi ɗaya a hannun direba ya isa. Ko a bakin zaure, kafin ki ajiye kular zoɓo, ki ce Barakatu tsaya. Da na sallami matan, mu ci tuwonmu a matsayin ziyara, in tsaya da hujjata ni kaɗai, in na faɗi na faɗi da mutuncina. Na ja ki gefe na tambaye ki baki da baki. Kika zauna kika ci tuwon gayyata, kika yi ƙari, kika yi wa Baba dariya, kina haddace sunaye.

Ga abin da ya biyo baya, ko da yake kin riga ni sani. An soke ra'ayin matan duka. Akwai wasu mutum biyu da ban taɓa sani ba, waɗanda suka goyi bayan a bar manyan maƙalolin da hujjoji masu kyau, su ma babu wanda ya ƙara sauraronsu, ƙurar gayya ta rufe su. Ba a ma ƙara tattauna ainihin maganar ba. An goge komai. An kwashi wasu an kai ƙamus, kowanne layi ɗaya, kamar an fige kaza. Shafin Baba kuwa ƙamus ma ya ƙi karɓarsa, wai ba kalma ba ce, al'ada ce. Abin da nake faɗa ke nan tun farko. Yanzu ba ya can, ba ya nan.

Yaya Zakari ya kira ni yana faɗa, ya ce na sa an baza sunan matarsa a duniya kamar wadda ta yi sata. Ɗalibaina sun tambaye ni ina shafukan suka tafi, na ce musu an yi musu ƙaura.

Jiya bayan an tashi na je Kafin Maiyaki, don ba na so Baba ya ji a bakin wani. Ina zama ya ce in karanta masa shafinsa. Na gaya masa gaskiya, ban rage komai ba sai maganar tsohon direba. Ya ci gaba da murza carbinsa. Da ya buɗe baki, tambayata ya yi ko tuwon ya ishe ki ranar nan, domin ya ji kamar kin tashi da wuri. A nan ne na yi kukan da ban yi a kan tudu ba.

Na ga an zaɓe ki mai gudanarwa. Na karanta yabon da ake yi miki, wai ba ki da sani ba ki da sabo. Gaskiya suka faɗa, ni ce shaida. Ba zan ce don kujerar kika yi ba, Allah ne ya san zuciya. Amma zuciyata ta faɗa mini haka, kuma na kasa sa ta yi shiru.

Cajarki tana hannun direba.

Barakatu.

Doguwa,
Ranar Talata.

Muhsina,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, tare da katin walimar saukar takwarata. Alhamdu lillahi, Allah ya sa Alƙur'ani ya cece ta, ya sa ta yi aiki da shi. Ina fata Malam da sauran yara suna lafiya, Inna kuma Allah ya ƙara mata sauƙi. Nan ruwa ya ɗauke, an shanya masara.

Na karanta bayaninki har na kusa haddace shi. Kin ce nauyina kika ji, kin ga na riga na aika wa mutane, na sayi kayan miya, bakinki ya kasa furta abin da zai kunyata ni a gidan mahaifina. Kin ce daga baya Ghali ya lura da sababbin asusun, wani kuma ya ga hoton taron da kike ciki, in kin yi shiru za a ce da ke aka ƙulla. Kin ce kundin amana ne a hannunki.

Na yarda kin ji nauyina. Na san wannan kunyar, ni ma da ita aka raine ni. Sai dai na auna na ga kin kasa kunyata ni a bayan ɗakin girki inda daga ni sai ke, amma kin iya a shafin da duk duniya take karantawa. Kundin amana ne, ban musa ba. Ni kuma fa? Kin nemi in yafe miki. Na yafe abin da yake tsakaninki da Allah, ba na so a tsayar da ke a kaina ranar gobe. Abin da ba ni da iko a kansa shi ne in mayar da zuciyata yadda take.

Kin ce za ki sa baki a buɗe mini asusuna. Ki bar shi. Maƙalolin ina da su a kaina da littattafaina, ina rubuta su a allo ɗaya bayan ɗaya, 'yan mata suna kwafa. Shafin Baba kuma na iya shi da ka, ina karanta masa ina riƙe da waya a kashe, ya sani, na san ya sani.

Da katin ya zo na daɗe ina juya shi, ina tambayar kaina ko wannan gayyata irin tamu ce ko irin ta Baturen Baba. Na duba na ga akwai rana, akwai lokaci, don haka ko a ƙa'idarsu ta gaske ce. Zan zo in Allah ya yarda. Yarinyar sunana take ɗauke da shi, ba ta yi mini komai ba, kuma ni ban iya ƙin amsa gayya ba. 'Ya'yan Gwaggo Asibi ma za su zo da manyan tukwanensu, sun ce ba za a ce mutanen Kafin Maiyaki sun bar biki babu hannu ba. Sunayensu kin riga kin sani.

A ƙarshen takardarki kin rubuta in zo tun jajibere kamar kullum, in karɓi sito, in auna shinkafa da mai, in tsaya a kan rabo. Tun daga sunan haihuwarki ta fari har yau babu taron gidanki da wata ta yi wannan aikin in ba ni ba, kuma ban taɓa jin gajiyarsa ba. Wannan aiki na wadda ake gaya wa gaskiya a bayan ɗaki ne. Ki nemi wadda za ki iya gaya wa.

Zan iso da hantsi tare da sauran jama'a, in zauna a tabarmar baƙi, a miƙo mini faranti kamar kowa. Zan ci, zan yi addu'a, in an shafa in tashi. In kin taɓa ambulan ɗin nan za ki ji wani abu mai tauri a naɗe cikin ƙyalle. Mukullin sitonku ne, ki ba Malam.

Ki gaishe da Inna, ki ce wa takwarata ina tafe da mayafinta.

Wassalam,
Barakatu Ɗanasabe.